Wasannin labari na bayan rugujewar duniya: tambayoyin da 'yan gem na Garwa, Marwa da Kuseri suke yawan yi

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a Garwa, arewacin Kamaru. Duk lokacin da wani ƙaramin kamfani ya saki tallar sabon wasan da yake shirin fitarwa, irin wadda za ka ga kufai da ƙura da mutum ɗaya rataye da jarkar ruwa, sai samari su cika mini benci da tambaya, wasu kuma su turo saƙon murya daga Marwa ko Kuseri ko Injamena. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda, na sa musu lamba don a riƙa komawa.

1. Wane irin wasa ne wannan da ake ta jira?

Sunansa a bakin 'yan gem RPG, wato wasan da kake shiga rigar wani mutum ka rayu a madadinsa. Kai za ka zaɓa masa suna da hali da abin da ya iya: mai ƙarfin damtse ne, ko mai daɗin baki, ko mai iya gyaran inji, ko mai sanin magani. Daga nan a sake ka cikin wata duniya da ta lalace, ka shiga gari, ka yi hira da mutane, su roƙe ka taimako ko su yaudare ka, kai kuma ka yanke abin da za ka yi.

Idan aka ce wasan na labari ne, to nauyinsa yana kan hira da zaɓi. Wanda ya saba da Free Fire ko ƙwallon PlayStation zai ga abin da sanyi a awa ta farko, domin karatu ya fi danna maɓalli yawa. Wanda ya taso yana son tatsuniya ko littattafan hikaya, shi ne zai manta da abincin dare.

2. Me ake nufi da indi?

Wasan da ƙaramar ƙungiya ta yi da kanta, ba tare da wani babban kamfani ya ɗauki nauyinta yana juya ta ba. Wani lokaci mutum goma ne, wani lokaci mutum ɗaya tak. Chris Hunt na Ingila ya shafe shekaru yana gadin dare, da rana yana gina wasansa Kenshi shi kaɗai kafin ya samu abokan aiki, kuma bai kammala ba sai Disamban 2018, bayan kimanin shekara 12. Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, yana karɓar dalar Amurka 100 kafin ya sa wasa a kantarsa, sannan ya cire kashi 30 cikin 100 na ciniki. Abin da ya rage shi ne abincin waɗannan mutane. Ka riƙe wannan a zuciya idan ka kai tambaya ta 6 da ta 9.

3. "Bayan rugujewar duniya", ba tashin ƙiyama ake nufi ba?

A'a, kuma wannan tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce take sa wasu iyaye ɗaure fuska. Ba a maganar busa ƙaho ko hisabi. Abin da ake nufi shi ne wata babbar musiba ta faɗa wa mutane, yaƙin nukiliya ko annoba ko fari, gwamnati ta watse, kuɗi ya zama takarda, asibiti da makaranta suka zama kango, amma aka samu waɗanda suka tsira. Labarin nasu ne. Wa zai riƙe rijiya? Wa zai yi shari'a tunda babu alƙali? Baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare, a buɗe masa ko a kore shi?

Ni a nan nake ganin darajar waɗannan wasanni. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wasan yakan ƙwace miyar gaba ɗaya, sannan ya tsaya ya ga halinka.

4. Daga ina salon ya samo asali?

Kakan gidan shi ne Wasteland na 1988, wanda kamfanin Interplay ya yi a ƙarƙashin Brian Fargo, labarin wasu dakaru a hamadar kudu maso yammacin Amurka bayan yaƙin nukiliya. Sai Fallout a 1997, daga kamfanin dai. A cikinsa bama-bamai sun faɗi a 2077, kai kuma an haife ka a wata maɓoya ta ƙarƙashin ƙasa mai lamba 13. A 2161 na'urar da take tace musu ruwa ta lalace, aka tura ka waje ka nemo wata cikin kwana 150, in ba haka ba jama'arka su mutu da ƙishi. Kuɗin da ake kashewa a wannan duniya marafan kwalba ne, kuma abin da ya ba su daraja shi ne 'yan kasuwar ruwa na babban gari sun tsaya musu.

Wata rana wani dattijo ya kawo rediyonsa shagona bisa kuskure, ya zaci ina gyaran rediyo. Ya tarar da jikansa yana wannan wasa, ya zauna yana kallo, yaron yana fassara masa. Da aka zo wurin masu sayar da ruwa sai ya ce: "Ɗana, ai wannan ba ƙirƙira ba ce. Shekarar farin 84 mai rijiya shi ne sarki." Bai ƙara cewa komai ba, amma bai tashi ba sai da aka kira la'asar.

Daga baya ƙananan kamfanoni suka ɗauki tutar. Underrail na 2015, daga Sabiya, ya mayar da mutane cikin ramukan jirgin ƙasa. ATOM RPG na 2018 ya ɗauka cewa yaƙin ya auku a 1986, ya kai ka kufan Tarayyar Sobiyet. Duk sabon wasa na wannan salo da ka ga ana talla yanzu, a wannan gidan ya sha nono.

5. Zaɓin da nake yi yana canza labarin da gaske, ko cika baki ne na talla?

Wani yana canzawa, wani kuwa ado ne. Kowace talla za ta ce maka zaɓinka yana da sakamako, domin faɗa ba ta da tsada. Yin sa ne mai tsada: duk reshen da marubuci ya buɗe, sai ya rubuta masa hira da mutane da ƙarshe, alhali yawancin 'yan wasa reshe ɗaya kawai za su bi. Ƙungiya ta mutum biyar ba ta da ƙarfin reshe ɗari.

Hanyar ganewa ita ce ka dubi matsala guda, ka ƙirga ƙofofinta. A ce 'yan fashi sun tare hanyar ayari. Wasa mai kyau zai bar ka ka yaƙe su, ko ka biya su, ko ka lallashe su idan bakinka ya iya, ko ka zagaya ta bayan dutse da dare, ko ma ka shiga cikinsu. Sannan bayan awa goma wani ya tare ka a kasuwa ya tuna maka abin da ka aikata. Fallout na farko yana rufewa da nuna maka makomar garuruwan da ka ratsa, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon abin da ka shuka a cikinsu. Broken Roads na Ostireliya ya gwada wani abu daban, wani ma'auni mai kusurwa huɗu da yake bin ɗabi'arka, daga mai tausayin jama'a zuwa wanda bai yarda da komai ba, kuma amsoshin da za a ba ka su ragu ko su ƙaru gwargwadon inda ka karkata.

Idan tallar ba ta nuna allon hira ko sau ɗaya ba, sai fashe-fashe da kiɗa, ni ina ja da baya. Gani ya kori ji: ka jira samfurin gwaji, duba tambaya ta 7.

6. Yaushe zai fito? Sun ce bana, yanzu kuma sun ce baɗi.

Haka abin yake, kuma ba lallai yaudara ba ce. Wasteland 2 ya tara kusan dalar Amurka miliyan 2.9 daga mutum sama da 61,000 a Kickstarter, shafin tara gudummawa a intanet, a 2012, aka yi alkawarin Oktoban 2013, bai fito ba sai Satumban 2014, alhali ƙwararru ne suka yi shi. Broken Roads an sa masa Nuwamban 2023, aka ɗaga zuwa Afrilun 2024, kuma duk da haka ya fito da kurakuran da suka jawo masa suka. Ranar da ƙaramin kamfani ya faɗa fata ce. Gara ɗagawa da fitar da ɗanyen aiki, domin wasan labari sau ɗaya ake jin daɗinsa na farko, kuma idan kuskure ya toshe maka hanya a tsakiya, wannan daɗin ya tafi.

7. To me zan yi kafin ya fito?

Abu biyu, kuma duka kyauta ne. Ka buɗe asusun Steam ka sa wasan a jerin abin da kake so. Ranar da ya fito za a aiko maka saƙo, haka ma idan an yi masa ragi mai kauri. Su ma masu wasan wannan jerin yana taimakonsu, domin da yawan masu jira ake auna wasan da za a tura gaba a shagon. Na biyu, ka sa ido a kan Steam Next Fest, wanda ake yi sau uku a shekara, a Fabrairu da Yuni da Oktoba, inda wasannin da ba su fito ba suke sakin samfurin gwaji. Awa ɗaya a cikin samfuri za ta gaya maka ko rubutun yana da rai, ko Turancin ya fi ƙarfinka, ko kwamfutarka za ta ɗauka.

8. Suna neman a biya tun yanzu, ta Kickstarter ko Early Access. In biya?

Ka fara bambanta su. Kickstarter gudummawa ce ga aikin da ba a gama ba, wani lokaci ma ba a fara sosai ba. Idan kuɗin da suka nema bai cika ba, ba a cire maka ko sisi. Idan ya cika aka cire, aikin kuma ya mutu a hanya, da wuya ka ga kuɗinka. Cinikin biri a sama ke nan. Early Access, wanda Steam ya buɗe a 2013, ya ɗan fi: kana biya, kana samun abin da aka gina zuwa yanzu. Kenshi da Underrail duk ta nan suka bi suka kai gaci. Amma shagon da kansa yana gargaɗin cewa wasan yana iya tsayawa a yadda yake, kada ka saya sai idan abin da ke ƙasa ya gamsar da kai.

Ra'ayina ga ɗan makaranta ko mai acaba da yake tara jaka-jaka: kada ka biya. Wasan gina gari ko na faɗa ana iya cin sa ɗanye, amma labari rabi ba shi da daɗi, kuma sau da yawa idan cikakken ya fito sai an sake farawa daga tushe. Wanda Allah ya hore wa, yana son ya tallafa wa masu aikin, wannan alheri ne, sai dai ya ɗauke shi a matsayin kyauta.

9. Ta yaya zan biya daga nan? Kuma me ya sa ba zan ɗauki na sata ba kawai?

Steam ba ya sa farashi da sefa, kuma ba ya karɓar MTN MoMo ko Orange Money kai tsaye, haka Airtel Money da Moov Money a Chadi. Abin da yake aiki shi ne katin Visa ko Mastercard da aka buɗe wa sayayyar intanet, har da irin wanda ake loda wa kuɗi a banki ba tare da babban asusu ba. Don lissafi, Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato wasan Yuro 20 ya haura jaka 13 kaɗan, ban da ladan banki. Idan ka ga an rubuta dala, ta Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, na taɓa ganin yaron da ya yi wannan murnar. A ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba ana babban ragi, tsofaffin wasanni sukan faɗo ƙasa warwas. Idan ka saya bai yi maka ba, kana da kwana 14 ka nemi a mayar maka da kuɗi, muddin ba ka kai awa 2 kana wasa ba.

Ka kiyayi masu sayar da asusu. Ni kaina na taɓa tura wa wani jaka 8 a kan asusun da ya ce cike yake da wasanni. Sati biyu ina wasa, rana ɗaya kalmar sirri ta daina aiki, lambarsa ma ta daina shiga. Asusun da ba da imel ɗinka aka buɗe ba, ba naka ba ne.

Na sata kuwa, rabin kwamfutocin da ake kawo mini da cuta daga nan suka kwaso ta. Sannan wasan indi yakan sami gyara iri-iri a watanninsa na farko, na sata ba ya samu. Bayan wannan akwai hakki. Koma tambaya ta 2 ka ga ko waye kake ɗaukar wa.

10. Kwamfutata tsohuwa ce, ga zafi, ga ɗaukewar wuta. Za ta iya?

Sau da yawa za ta iya, kuma wannan na cikin abin da ya sa nake tura mutanenmu ga wannan salo. Yawancinsu daga sama ake kallon filin, faɗan kuma bi-da-bi ne kamar dara, ba sa neman na'ura mai tsada. Fallout na farko bai kai giga ɗaya ba. A shafin kowane wasa akwai mafi ƙarancin abin da yake buƙata, ka gwada da naka, musamman RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, da katin hoto. Ga sababbi, giga 8 na RAM shi ne inda hankali yake fara kwanciya.

Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa take haura digiri 40, ya fi kowane wasa kashe kwamfuta. Kada ka ɗora ta a katifa ko a cinya. Ni marafan kwalba huɗu nake sawa a ƙarƙashin kusurwoyinta don iska ta ratsa, in juya mata fanka, kuma bayan hunturu in buɗe in busa ƙurar da ta toshe mata hanci. A wannan lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo, wadda take ba mu wuta, yake ja baya, wuta ta yi ta zuwa tana tafiya. Saboda haka ka saba da adana wasanka kafin kowace babbar hira da kowane faɗa, a gurabe daban-daban, kada ka riƙa danne guda ɗaya. Wutar da ta ɗauke ana tsakiyar adanawa tana iya lalata fayil ɗin.

Saukewa kuma a yi ta da forfen dare, wato datar dare. Da zarar ya sauka, Steam yana da yanayin aiki ba intanet. Shagon GOG ya fi sauƙi ta nan, domin yana ba ka fayil ɗin girkawa ka ajiye a kile, wato filashi, ranar da ka sake wa kwamfuta tsari ba sai ka sake ƙona data ba.

11. A waya fa?

Kaɗan ne suke zuwa waya, kuma yawanci sai bayan sun yi kasuwa a kwamfuta. ATOM RPG yana kan Android da iPhone. Idan wasa bai fito ba tukuna, ka ga wani shafi yana cewa ga shi na waya kyauta, tarko ne.

12. Turancina ba shi da ƙarfi. Akwai Faransanci ko Larabci?

Wannan ita ce babbar katanga a wurinmu. Wasan labari yana iya ɗaukar kalmomi dubu ɗaruruwa, fassara kuma da kalma ake biyanta, don haka ƙananan kamfanoni sukan fito da Ingilishi kaɗai, sauran harsuna su biyo baya idan ciniki ya yi kyau. Faransanci yana cikin waɗanda ake fara yi, Larabci kuwa ba kasafai ba. A shafin Steam akwai jadawalin harsuna mai gida uku: maɓallan wasa, murya, da rubutun hira. Na ukun shi ne naka. Wani wasan an fassara masa maɓallai kawai, hirar tana nan da Ingilishi.

Tunda wasan yana jiranka ka karanta a tsanake, ba kamar fim ba, da yawa daga yaran da nake gani sun ƙaru da harshe ta nan, waya a hannu ɗaya suna duba ƙamus.

13. Ni uba ne. Ya dace ɗana ya yi irin wannan? An ce har da jefa ƙwayar ludo a ciki.

Baba, yawancinsu ba na yara ba ne. Akwai kisa, da giya da ƙwaya, da cinikin bayi, da ƙungiyoyin bauta na ƙirƙira, wani lokaci da zantukan batsa. A Turai ana sa musu alamar shekaru ta PEGI: 3, 7, 12, 16 ko 18, kuma wannan salo ya fi faɗawa a biyun ƙarshe. Wasu na indi ba su da alamar, amma a shafinsu akwai bayanin abin da ke ciki na manya. Ka sa a karanta maka, ko ka zauna kusa da shi rabin awa kamar dattijon tambaya ta 4.

Ƙwayar ludon lissafi ce da kwamfuta take yi don ta yanke ko yunƙurinka ya yi nasara, misali buɗe kwaɗo ko shawo kan mai gadi. Ba a zuba kuɗi, ba a cin kuɗin kowa. Inda kuɗi yake shiga da sa'a shi ne akwatunan da ake saya a wasu wasannin waya ba a san abin da ke ciki ba, kuma irin wasannin da muke magana sau ɗaya ake sayensu. Hukunci na malamai ne, a kai musu bayanin yadda abin yake. Abin da na gani da idona shi ne cin lokaci: wasa ɗaya yana iya ɗaukar awa 40 ko fiye, kuma "bari in gama wannan hirar" ta sha cinye magariba. A shagona idan aka kira salla ana rufe allo.

14. Akwai wanda aka kafa labarinsa a Afirka? Me ya sa ba a yi namu ba?

Akwai Beautiful Desolation na 2020, wanda 'yan'uwa biyu, Chris da Nic Bischoff, suka yi, labarinsa a Afirka ta Kudu bayan rugujewa, ko da yake ya fi karkata ga bincike da warware matsala. A nan gida Kamaru kuma Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ya fitar da Aurion a Afrilun 2016. Shi ba na rugujewar duniya ba ne, na almara ne, amma ya nuna ana iya gina RPG a ƙasar nan, da irin wutarmu, a kai shi kasuwar duniya.

Abin da yake ci mini rai shi ne mu muke zaune a kan labarin. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 nasa. Masunta suka bi ruwa yana gudu suna binsa, aka kafa garuruwa irin su Darak a inda da kwale-kwale ne yake wucewa, Hausa da Kanuri da Kotoko da Larabawan Shuwa da Musgum a kasuwa ɗaya, har rikicin wace ƙasa ce take da wurin ya kai kotun duniya, ta yi hukunci a 2002. Sansanin Minawao kusa da Mokolo yana karɓar waɗanda suka gudo tun 2013. A 2022 ruwa ya shiga unguwannin Injamena da Kuseri. Masu rubuta waɗancan wasanni suna zaune a ɗaki mai sanyi suna hasashen yadda mutum zai yi idan komai ya watse, kuma sau da yawa amsarsu ita ce kowa ya ɗauki bindiga. Mu mun ga wani abu da ba su cika sawa ba: gidan da yake da mutum tara ya karɓi goma sha biyu, aka ƙara wa miya ruwa, aka raba tabarma.

Sai dai wanda zai taɓa wannan ya taɓa da ladabi. Mutanen suna raye, wasunsu maƙwabtanmu ne. A ƙirƙiri gari da zamani na daban, a bar sunayen matattu su huta.

15. Idan ina so in gwada yin nawa, daga ina zan fara?

Daga littafin rubutu na sefa 200. Ka rubuta gari ɗaya, rijiya ɗaya, mutum biyar da kowannensu yake da gaskiyarsa, da matsala guda mai ƙofa uku kamar yadda na faɗa a tambaya ta 5. Ka karanta wa abokanka, su zaɓa, ka ga inda suka yi gardama. Bayan nan ka zuba shi a Twine, kyauta ne, yana haɗa labari mai rassa ba tare da ka iya rubuta manhaja ba. Idan kana son hotuna da fuskoki akwai Ren'Py, idan kana son taswira da tafiya akwai Godot, duka kyauta, ko RPG Maker da ake saya. Shafin itch.io yana barin ka ɗora abin da ka yi ba tare da biyan kuɗin shiga ba.

Tun ranar farko ka gwada ko salon haruffan da ka zaɓa yana nuna ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa ba sa nunawa, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, kuma gyara wannan bayan ka rubuta shafi ɗari aiki ne mai cin rai. Wanda ya gina wasan da ya kai minti 20 ana yi, ya kawo mini a kile in gwada a kwamfutar shago.